Rijiyar da Anka Rufe a Marnona

Marnona, ƙasar Wurno
13 ga Satumba, 1955

Zuwa ga ɗana Maccido, a makarantar magatakardan kotu, Zariya.

Ina gaishe ka gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah wagga takarda ta iske ka lafiya. Mu nan lafiya, sai ƙafata ta hagu da ke kumbura in an yi ruwa, ka san ta. Baffanka Mode lafiya, iyalinai lafiya. Gero ya nuna, an fara gasa tumu. Ka yi haƙuri da rubutun, da hannuna nike yi, ban kai ma kowa ya rubuta mini ba. Shekara biyu da gama ajin Yaƙi da Jahilci, har yau fensir ya fi taɓarya nauyi a hannuna.

Bayan gaisuwa. Mutum ya faɗa rijiyar da ka gina a lambu.

Shekaranjiya ne da hantsi. Ka san in fadama ta cika, hanyar Goronyo takan nutse, masu ƙafa su hau ta bakin lambunmu. Wani mutumin Rabah, ana ce mashi Sale, mai sai da bandar kifi, ya biyo da kwando bisa kai zai tafi kasuwa. Rijiyar a rufe take, da itace da kara da ƙasa a bisa, ciyawar damina ta fito ta shafe wurin. Ya taka, rufin ya karye da shi. Masu aikin shinkafa sunka ji ihu, sunka zo da igiya. Ruwan ciki bai kai mashi wuya ba, amma ya bugu da baya ga guntun itacen da ya riga shi faɗawa. Da anka fiddo shi, ƙafafunai ba su motsi.

Gidanmu ya fi kusa, lambun kuma namu ne, sai anka kawo shi zaurenmu. Maɗori ya zo ya shafa bayan daga wuya har ƙugu, ya soka mashi tsinke a tafin ƙafa, Sale bai ji ba. Ya ja Mode waje ya ce wanga ba aikin ɗori ba ne. Malamin ɗakin magani na Wurno ya ce sai Sakkwato, mota kuma ba ta shigo ba tun da ruwa ya ci hanya.

Ni ke ba shi kunu da ludayi. Mutum ne mai barkwanci, Maccido, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Jiya ya ce mini, "Inna, kifina sun gaji da banda sun koma ruwa, ni ko na bi su in ji dalili." Na ce ya yi shiru ya sha. Ya sha kaɗan, ya ce, "Amma wanda yar rufe rijiyar ga gwani na. Taɓo ko'ina, sai nig ga ɗan tudu busasshe, nic ce ga wurin sa ƙafa. Da tarkon gada yay yi haka, da ya yi arziki." Ludayin ya suɓuce mini, kunu ya zuba mashi ga riga. Ya ce, "Kada ki damu Inna, ƙirji dai ina ji. Ya yi ɗumi."

An aika Rabah a gaya ma matatai. A gari kuwa an fara cewa rijiyar Maccido ce, shi ya gina ta da rani don albasa, ya tafi karatu ya bar ta.

Kai da ke karatun shari'a, ka gaya mini gaskiya. Mutum bai nufi kowa da sharri ba, abu ya faru, akwai abin da za a kama shi da shi? Mi littafinku ya ce? Ka ba ni amsa da sauri. Ka riƙa cin abinci, ka riƙa rufe ƙirjinka da safe.

Ni ce mahaifiyarka,
Turai

Marnona
29 ga Satumba, 1955

Zuwa ga ɗana Maccido.

Gaisuwa da fatan kana lafiya. Sama da mako biyu ban ga amsarka ba. Duk ranar da masinjan Wurno ya zo nakan tafi ƙofar maigari in tsaya, ya zazzage jaka, ya girgiza mini kai. Ko takardata ta jiƙe a hanya? Ko ba ka da lafiya? Ko ka karanta ne ka ga abin da ya sa ka yi shiru? In fushi ne, ka faɗi.

Sale ya rasu ranar Talata ashirin ga wata, bayan azahar. Kwana tara ya yi a zaurenmu. Matatai Ma'u ta iso a kwana na uku, da goyo a baya da ɗiya biyu a ƙasa. Yarinya ce, ba ta kai Habi ƙanwarka ba. Ni da ita munka riƙa juya shi, don bayan ya fara gyambo saboda kwanciya, shi kuma bai sani ba sai ya ji wari. Daga kwana na shida zazzaɓi ya shige shi, barkwancin ya ƙare. Ranar da zai cika ya kama hannun Ma'u ya ce, "Ki gode ma Inna. Ta yi mini abin da uwa ka yi." Na tashi na shiga ɗaki. Ban iya fitowa ba sai da na ji salati.

Nan anka binne shi, don ba hanyar kai shi Rabah. Bayan sadakar uku Ma'u ta ce a nuna mata wurin. Ni na kai ta. Ta tsaya bakin ramin ta daɗe tana kallon karan da ya karye, ta ce, "Wagga ba rijiya ba ta. Kabari na anka gina, anka rufe, ana jiran mai shi." Ba ta yi kuka ba. Da ta yi kuka da ya fi mini sauƙi.

Jiya wan Sale, Lauwali, ya tafi Wurno ya kai ƙara wurin alƙali, yana neman jinin ƙanenai. Sunanka ya faɗa, don sunanka kowa ya ba shi. Mode sai faɗa yake yi a zaure: "Wa ya aike shi gonar mutane? Hanya ta nutse, sai ya koma gida!" Amma da munka rage mu biyu ya gaya mini abin da ya jiyo a Wurno. In alƙali ya rubuta ma hukumar En'e cewa akwai maganar jini a kanka, za a kira ka gida, kuma wanda anka kira haka ba a mai da shi makaranta. Shekara nawa ka yi kana jiran wanga wuri, Maccido.

Akwai maganar da nike son gaya maka. Sau uku na fara ta ina gogewa, ka ga takardar ta yi baƙi nan ƙasa. Bari sai na ji daga gare ka.

Mahaifiyarka,
Turai

Zariya
23 ga Satumba, 1955

Zuwa ga Inna.

Ina durƙuse ina gaishe ki, da fatan ƙafar ta yi sauƙi. Ki riƙa ɗora ta bisa turmi in kin zauna. Ni lafiya lau, karatu da yawa amma ana samun nasara. Rubutunki ya ƙara kyau, ban tsaya ko wuri ɗaya ba. A gaishe da Baffa Mode.

Takardarki ta sha uku ga wata ta iso jiya. Na yi baƙin ciki ƙwarai. Allah ya ba Sale lafiya, ya tashi kafaɗunsa. In mota ta shigo a kai shi Sakkwato, kada a jira.

Yau na kai tambayarki wurin malaminmu na fiƙihu, ban faɗi sunan gari ba. Ya ce ba sai da mugun nufi ake ɗora wa mutum lamuni ba. Lamuni, Inna, shi ne ɗaukar nauyin abin da ya lalace ta dalilinka, ko dukiya, ko gaɓa, ko rai. Ya ce zuciya Allah ke dubanta. Alƙali abin da yake tambaya shi ne, mutum mai hankali wanda ya san wurin, da mi zai yi? Wanda ya gina rijiya cikin gonarsa don amfanin gonar bai yi laifi ba. Amma in ya san mutane na ratsawa ta wurin, tilas ya kiyaye su. In bai kiyaye ba, sakaci ke nan, kuma in sakacin ne ya jawo ɓarnar, zai biya.

To ni kin san ban yi sakaci ba. Kin tuna takardar da na aiko miki cikin azumi, inda na ce a kewaye rijiyar da ƙaya kafin ruwa ya sauka, a kafa sanda da tsumma a kanta, don hanyar damina ta nan take bi? Ki adana ta da kyau, kada gara ta taɓa ta. Ita ce shaidata.

Abin da ya tsaya mini shi ne rufin nan. Ni a buɗe na bar ta. Buɗaɗɗiyar rijiya ko makaho sandarsa za ta gaya masa. Wanda ya shimfiɗa kara ya zuba ƙasa ya ƙwace wa mai tafiya idonsa. Malam ya ce wannan ya mai da rijiya tarko, ko da alheri ya nufa, kuma a kansa nauyin yake, ba a kan mai ginawa ba. Na tambaye shi sau biyu, amsa ɗaya ya ba ni.

Ba ki faɗi wanda ya rufe ba, na san ba ki son kama sunan mutum. Ni zan kama. Atiku ne, maƙwabcinmu na lambu. Tun ranar da na fara ginin yake cewa na matsa iyakarsa, har ya rantse gaban mutane sai ya binne ta. Ina jin shi ya janye ƙayar da kika sa aka yi, ya rufe don a manta da ita. Na rubuta wa Baffa Mode yau ya kai maganar wurin maigari. Mai wannan aiki bai cancanci a rufa masa asiri ba, ko wane ne.

Ki kwantar da hankalinki, Inna. Babu abin da zai same ni.

Ɗanki,
Maccido

Marnona
10 ga Oktoba, 1955

Maccido,

Ina gaishe ka. Lafiyata ƙalau, kada ka tambaya. Takardarka ta ashirin da uku ga watan jiya sai ranar Alhamis ta iso, tare da ta Mode. Kana ma Sale addu'ar samun sauƙi, alhali ranar da ka rubuta ya kwana uku cikin ƙasa.

Mode bai ko shigo cikin gida ba, ya wuce da tashi takardar wurin maigari. Ranar Asabar 'yan doka sunka zo daga Wurno sunka tafi da Atiku, da igiya a ƙugu, yana tsakiyar yankan gero. Ta ƙofarmu sunka bi. Ya gan ni, ya ce, "Turai, ke kin san ni. Baki gare ni, amma ban taɓa rijiyar ɗanki ba. Ki gaya musu!" Na riƙe bango. Na bari sunka wuce da shi.

Ni na rufe rijiyar, Maccido. Ni kaɗai, da hannuna.

Takardarka ta azumi ita ce ta farko da na karanta daga sama har ƙasa ban nemi kowa ba. Na ji daɗi har na rasa wanda zan gaya ma. Na ce ma Mode a samo ƙaya, ya ce bayan Salla. Bayan Salla anka yi ruwan shuka, kowa ya watse gona. Na tafi lambu na leƙa rijiyar, jiri ya ɗebe ni. Ka san ƙanena ya mutu cikin rijiya a Taloka muna yara, ni anka bar ma shi. Tun daga nan ban iya ganin baki buɗe a ƙasa. Na ce a raina, ƙaya mi za ta yi? Mata za su janye ta su yi girki, akuya za ta ratsa, yaro zai ɗaga ƙafa ya tsallake. Na ce rufi ya fi ƙaya, ɗana yaro ne, bai sani ba.

Kwana uku na yi ina zuwa da tsakar rana, lokacin ba kowa a fadama. Na jawo sandunan jigon ban-ruwanka na gitta, na jera kara, na shimfiɗa tsohuwar zana, na riƙa ɗebo ƙasa da ƙwarya ina zubawa. Na tara ta da tudu don kada ruwa ya kwanta. Na hau da ƙafata na taka, bai motsa ba. Na dawo gida na ji sanyi a raina, na ce na tsare ɗiyan mutane. Ban gaya ma kowa ba don kada Mode ya ce na raina shi. Gara ba ta faɗo mini a rai ba, ko ruɓewar kara. Sanda da tsumma kuwa na ce mi amfaninsu, tunda babu rami.

Layin ƙarshe na takardarka, inda ka ce hanyar damina ta nan take bi, na karanta shi. Bakina ya faɗe shi harafi harafi, kaina bai ɗauka ba. Hankalina duk yana ga haɗa baƙaƙen. Yanzu masu shinkafa na cewa tun da ruwa ya cika, bisa tudun nan kowa ke sa ƙafa don gudun taɓo, har mata masu goyo. Wata biyu ana taka shi. Sale ne dai ya zo ranar da itacen ya ƙare.

Ka ce mai wanga aiki bai cancanci a rufa mashi asiri ba, ko wane ne. Na karanta wurin sau da yawa. Ban ji haushinka ba. Gaskiya ka faɗa.

An sa ranar shari'a Litinin bayan Mauludi. Takardarka ta azumi na cikin tasa, ƙarƙashin gado, na naɗe ta da tsumma. Ka gaya mini yadda ake magana gaban alƙali, ban taɓa ba.

Turai

Zariya
19 ga Oktoba, 1955

Zuwa ga Inna.

Ina gaishe ki. Takardunki biyu sun zo tare, na karanta su a tsaye bakin ofis, daga baya na rasa yadda na koma ɗaki. Allah ya jiƙan Sale, ya gafarta masa. Ki yafe mini abin da na rubuta. Da na san wa nake wa hukunci da hannuna ya bushe kafin in rubuta shi. Na ɗauki alhakin Atiku kuma, a kan zato kawai, ni da ake koya wa kada a karɓi magana sai da shaida. Na rubuta wa Baffa Mode ya je ya ce ba ni da wata hujja a kan Atiku, na janye.

Yanzu ki saurare ni da kyau, Inna, ki karanta a hankali, in kin kai ƙarshe ki koma farko.

Kada ki ce komai gaban alƙali. Kada ma ki je. Ga dalili. Kisan kuskure in an tabbatar da shi ta hanyar shaidu, dangin uba ke haɗuwa su ɗauki diyya, kowa ya kawo abin da ya iya. Amma in mutum ya tashi da bakinsa ya ce ni na yi, wannan iƙirari ne, dangi ba su ɗauka. A kan dukiyarsa shi kaɗai take faɗawa. Ke mi gare ki? Lambun da ya faɗo miki a gadon mahaifina da shanun nan biyu. Da su kike ci. In sun tafi, sai ki zauna kina jiran abin da matan Baffa suka zuba miki.

Ba wanda ya gan ki. In kin yi shiru, shaidu za su ce ni na gina, na tafi na bari, alƙali ya ɗora a kaina, dangin mahaifina su raba nauyin. Makaranta za ta tafi, na sani. Na nemi izinin zuwa, an ce in jira kiran En'e. Ba komai. Na iya noman albasa kafin in iya riƙe alƙalami.

Takardar nan ta azumi ki sa ta a murhu. Ita kaɗai ke nuna na gaya wa wani. Ki haɗa da wannan. Ni na gina rami a bakin hanya na tafi na bar wa tsohuwa mai ciwon ƙafa aikin sarar ƙaya, da takarda kawai. Wannan ma sakaci ne, ko littafi bai kira shi haka ba.

Don Allah Inna, sau ɗaya, ki bi maganata kamar yadda na rubuta ta.

Ɗanki,
Maccido

Marnona
4 ga Nuwamba, 1955

Zuwa ga ɗana Maccido.

Ina gaishe ka gaisuwa mai yawa, Allah ya sa kana lafiya. Ƙafar ta sace tunda ruwa ya ɗauke. An gama ɗaurin gero, dawa ta kusa. Mode lafiya, amma ba ya yi mini magana sai gaisuwa.

Takardarka ta iso ana gobe Mauludi. Na karanta a hankali, na koma farko kamar yadda ka ce. Wanga karo babu layin da ya wuce ni. Na ɗauko su biyun na zauna gaban murhu har tuwo ya nuna. Taka ta ƙarshe na sa a wuta, don kada a ga kana koya ma uwarka ɓoye shaida. Ta azumi na mai da cikin zane.

Ranar Litinin na hau jakin Mode, na ce mashi rakiya zan yi. Zauren alƙali ya cika. Ma'u na gefe cikin takaba, Lauwali a gaba. Atiku na zaune a ƙasa, ya rame, don janyewarka ba ta fid da shi ba. Mutum uku sun riga sun shaida rantsuwar da ya yi kan sai ya binne rijiyar. Ka ga da na yi shiru, ba a kanka kaɗai za ta tsaya ba.

Da magatakarda ya kira sunanka, na tashi. Mode ya ja mini zane, ya ce, "Turai zauna! Allah gafarta Malam, tsufa na." Alƙali ya ce a bar ni. Na ce, "Allah gafarta Malam, ni na rufe rijiyar." Ya dube ni ya ce, "Baiwar Allah, uwa takan faɗi haka don ɗanta. Kin san abin da iƙirari ke jawowa?" Na ce na sani, an gaya mini. Ya ce mi zai nuna mashi ba ƙarya nike ba. Na faɗi sandunan jigo guda huɗu, ɗaya mai reshe, da zanar da ke da ƙuna a gefe ɗaya. Masu shinkafar da sunka fid da Sale sunka ce haka sunka gani cikin ramin. Sannan na fiddo takardarka.

Magatakarda ya miƙo hannu zai karanta. Alƙali ya ce, "Wa anka aiko ma? Ita ta karanta." Na karanta, Maccido, gaban maza cike da zaure, yatsana bisa layi. Da na kai wurin hanyar damina na tsaya. Ya ce in sake. Na sake. Ya duba hatimin gidan waya, ya ga na watan azumi ne. Ya tambayi dattawan Marnona ko gaskiya ne hanyar na hawa ta bakin lambun, sunka ce tun suna yara. Mode ya ce ai gonar mutane ce. Alƙali ya ce hanyar da masu gona sunka sani sunka bari shekara da shekaru, mai binta bai yi laifi ba.

Ya ce kai ka ga haɗarin, ka faɗi maganinai kafin lokaci, ka faɗa ma mai lambun, babu komi a kanka, ba za a rubuta ma En'e ba. Ya ce a kwance Atiku. Ni kuma ya ce ba ganganci ba ne, kuskure ne, ba ɗauri, amma diyya a kaina take, da azumin kaffara wata biyu. Za a aika takardu Sakkwato a tabbatar. Shanun sun tafi Rabah shekaranjiya. Lambun ma na marayun ne yanzu, Lauwali zai sa a noma musu. Bai isa ba, Lauwali ya ce sauran sai sun yi shawara. Kada ka sa wanga a ranka. Ina kaɗi, ina saƙa faifai, Habi ta ce in zo Goronyo in zauna wurinta, ban amsa ba tukuna.

A ƙofar zauren na gai da Atiku. Ya dube ni ya ce, "Kwana ashirin da ukku, Turai. Gerona tsuntsu yac cinye." Ya wuce.

Ma'u ce ta tare ni wurin da anka ɗaure jaki. Ta ce, "Inna, kwana taran ga da kike ba shi kunu, kin sani?" Na ce na sani. Ta ce, "Lokacin da yac ce in gode miki, kin sani?" Na ce na sani. Ta gyara goyonta. Sannan ta ce, "Ya ce in gode miki, to na gode da kunun. Sauran ban iya ba tukuna." Na ce ban roƙe ta ba. Ta ce, "Kada ki roƙa."

Alƙali ya sa a cike rijiyar. Mode da samari sunka cike ta ranar Laraba da safe, sunka tattake, yanzu ko saniya ta hau ba abin da zai faru. Jiya na ɗauki gatari na tafi daji na saro ƙaya, na jawo ta da igiya, sau biyar na koma. Hannuwana duk sun tsage, shi ya sa ka ga rubutun ya karkace. Na kewaye wurin, na kafa sanda, na ɗaura mata jan tsumma. Wani mai wucewa ya tsaya ya ce, "Inna, ai babu rami nan." Na ce na sani.

Ka zauna ka gama karatunka. Kada ka zo sai an ba ku hutu. Na fara azumin yau.

Wassalam. Ni ce mahaifiyarka, da hannuna,
Turai